Ƙaramin gyalen raga: salon Shetland ko na Hapsalu?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin ga hotunan tsofaffin mayafan raga na Turai, kina so ki saƙa ƙaramin gyalen wuya irinsu da tsinke biyu, amma kin rasa wanda za ki bi tsakanin salon Shetland da na Hapsalu ta Istoniya, tunda a hoto dukansu farare ne masu huji-huji. A hoto kam haka suke. Idan kika ɗora su a kan tsinke kuwa aiki biyu ne daban, kuma tun daga shimfiɗar saƙar suke rabuwa, kafin ma a zo maganar ado.

Shetland tsibirai ne a arewacin Sikotilan, kuma saƙa mafi laushi ta fi fitowa daga Unst, can ƙarshen arewa. A da, matan wurin da hannu suke tsige gashin tumaki, su ware na wajen wuya saboda ya fi taushi, su kaɗa shi siriri har mayafi guda ya iya bi ta cikin zoben aure. Saƙar ta yi kasuwa a zamanin Sarauniya Biktoriya, an kuma baje ta a babban baje kolin Landan na 1851. Hapsalu kuwa gari ne a gaɓar yammacin Istoniya. A 1825 aka buɗe wurin jinya da taɓon teku a can, masu hali daga Rasha suka riƙa zuwa hutu, matan garin suka samu masu sayen mayafansu.

To ga abin da ya shafe ki. A salon Shetland kowane layi saƙar gaba ake yi, wato wadda ake riƙe zare a bayan aiki, tafiya da dawowa. Saboda haka gyalen ba shi da fuska ba shi da baya, duk ta inda kika juya shi ɗaya ne, kuma gefensa ba ya nannaɗewa. A salon Hapsalu ana tafiya da saƙar gaba, a dawo da saƙar baya, wato wadda ake riƙe zare a gaban aiki, sai fuska ɗaya ta fito sumul, adon ya fito raɗau, ɗaya fuskar kuma ta zama baya sosai. Babban mayafin da ake yafawa a kafaɗa bai damu da wannan ba, tunda bayansa yana kwance a jiki. Gyalen wuya kuwa naɗa shi ake yi, yana murɗewa, rabin lokaci bayansa mutane suke gani. Wannan kaɗai ya sa nake karkata ga Shetland idan abin da ake so ƙarami ne kuma siriri.

Sai dai Hapsalu tana da sauƙin da ba a cika faɗa ba. Layin dawowa galibi hutu ne, ba naɗin zare, ba haɗa ido (wato madaukan zaren da ke kan tsinke), hannu ya tafi kawai. Kuma da yake fuskar sumul take, kina iya karanta aikinki: ki ga hujin da kika yi a layin da ya wuce, ki san inda na yanzu zai zauna. A Shetland tudun layukan yana ɓoye adon tun yana kan tsinke, ya zama kamar cukurkuɗaɗɗen zare, sai an wanke an miƙe shi kafin ya nuna kansa. Mafi tsadar saƙarsu ma a kowane layi ake yin huji, babu layin hutu ko ɗaya, idan ido ya suɓuce gano mazauninsa aiki ne. Kada ki fara da wannan.

Abin da ya sa aka san Hapsalu shi ne ɗan ƙullutun nan da suke kira nupp, wanda ke zama a kan raga kamar an jera duwatsun ado. Ga yadda ake yinsa. A cikin ido ɗaya za ki saƙa, ki naɗa zare, ki sake saƙawa, ki sake naɗawa, har ki samu madauki 5, ko 7, ko 9, duk ba ki sauke idon daga tsinke ba. Idan kin dawo a layi na gaba sai ki haɗa su duka ki saƙa su a matsayin ido ɗaya da saƙar baya. A nan ake shan wuya. In kin ɗaure madaukan tamau, bakin tsinke ba zai shiga ba, za ki yi ta tura shi har zaren ya tsage. Dole kowane madauki ki ja shi ya yi tsawo, sako-sako, har ki ga kamar ya yi yawa. Sannan ki ƙirga kafin ki ja: idan bakwai kika yi, bakwai za ki kama. Guda ɗaya ya tsere miki ba za ki lura ba sai ranar miƙewa, ya fito yana reto a gefen ƙullutun. Wasu suna sa ƙaramin kwarashi su jawo zaren ta cikin madaukan nan take, kuma ni ban ga laifin hakan ba, ƙullutun yana fitowa da kyau. Adonsu da ya fi shahara, na reshen fure mai 'yan ƙararrawa, kusan duk da wannan ƙullutu aka gina shi, don haka a gyale ɗaya za ki yi ɗaruruwa.

Bakin gyale ma wani wurin rabuwa ne. A Hapsalu daban ake saƙa bakin, a ɗora shi da zare ninki biyu don gefen ya yi ƙwari, a yi shi gida biyu, sannan a ɗinka shi a jikin mayafin da allura. Yana da kyau ƙwarai, amma ɗora ɗaruruwan ido da daidaita ɗinki a kusurwa ya yi wa ƙaramin gyale yawa. Matan Shetland kuwa gudun kowane gefe mai tauri suke yi. A gyale sukan saƙa kowane ƙarshe daban, daga baki zuwa ciki, sannan su haɗa da allura ido da ido yadda ba za a ga mahaɗin ba. Ribar ita ce ƙarshen biyu su fito iri ɗaya.

Akwai na uku da za ki ci karo da shi, na Orenbag a Rasha, wanda ake yi da gashin akuya mai laushi haɗe da siliki. Shimfiɗarsa irin ta Shetland ce, bakinsa mai haƙora kuma tare da jiki ake saƙa shi. Ki ajiye shi a rai zuwa gaba.

Da ni ce ke, da Old Shale zan fara, tsohon adon Shetland mai tafiya kamar igiyar ruwa. Ido 18 ne ake maimaitawa, layi 4, kuma layi ɗaya ne kawai a ciki yake da aiki: haɗa ido biyu-biyu sau uku, naɗa zare ki saƙa ɗaya sau shida, sake haɗa biyu-biyu sau uku. Huji shida, ragi shida, lissafi ya koma daidai. Maimaici uku ya ba ki ido 54, ki ƙara uku-uku a gefe, 60 ke nan. Bakin da kika ɗora da kansa zai lanƙwasa ya yi tudu da kwari, ba sai kin yi masa wani baki ba. Bakin saukewa ne ba ya lanƙwasa haka, shi ya sa za ki yi rabi biyu ki haɗa a tsakiya, wurin da zai kwanta a ƙeya. Idan kuma ƙullutun nan ne ya sace miki zuciya, ki yi jikin gyalen da shimfiɗar Hapsalu, ki sa ido huɗu na saƙar gaba zalla a kowane gefe don ya rage nannaɗewa, ki bar ƙullutu a ƙarshen biyu kawai, ki yi na madauki biyar.

Ko wanne kika zaɓa, zaren ya zama ulu na gaske, siriri mai igiya biyu, mai haske, launi ɗaya. Zaren roba ba ya riƙe miƙewa kamar ulu, zare mai launi-launi kuma yana cinye adon. Mai igiya ɗaya irin na mayafin da ke bi ta zoben aure saurin tsinkewa gare shi, ki bar shi tukuna. Tsinke ya fi zaren kauri, milimita 3 zuwa 3.5, kuma giram 50 zai ishe ki. Bayan kowane 'yan layuka ki zura wani zare mai santsi ta cikin duk idanun da ke kan tsinke, don in warwara ta kama ki tsaya a kansa.

Idan kin gama, ki jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan, kada ki murza, ki naɗe shi a tawul ki danne ruwan. Sai ki shimfiɗa shi ki ja har hujin ya buɗe, ki kafe kowane tudun baki da fil marar tsatsa, ki bar shi ya bushe sarai kafin ki cire. Ki fara gwada wannan a kan ɗan ƙyallen gwaji mai ido 24, a nan za ki ga ainihin faɗin da gyalen zai yi da kuma ko tsinkenki ya dace da zaren.