Rimot ɗin kyamara da mai gyaran rediyo ya haɗa min a Agege

Rimot ɗin farko da na saya a Ikeja sau uku na danna shi ya mutu. Na koma, yaron shagon ya rantse bai taɓa ganin fuskata ba. Na bar shi da Allah.

Ni aikina hoton biki da suna, da kyamarar Canon 600D, amma na daɗe ina kwaɗayin ɗaukar gadar Lekki-Ikoyi da dare, fitilun motoci su fito kamar an ja zare. Kyamarar ba ta wuce daƙiƙa 30 da kanta. In kana son fiye da haka sai ka sa ta a Bulb ka riƙe maɓallin da yatsa, kuma ko numfashi ka yi da ƙarfi hoton ya dagule. Shi ya sa na kai gawar rimot ɗin wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya fasa shi, ya taɓa da mita, ya yi dariya.

"Yaro, a kan wannan ka ba da kuɗinka? Waya uku ce fa, ko batir babu."

Ya nuna min a jikin filogin, irin na abin sauraro ne amma siriri, milimita 2.5. Gindin shi ne uwa, wato wanda ake haɗa sauran biyun da shi. Ka haɗa shi da zoben tsakiya, kyamara ta saita gani. Ka haɗa shi da tsinin, ta ɗauka. Shi ke nan. Ya samo kwalin tsohuwar caja, ya huda, ya dasa maɓalli biyu, baƙi da ja, da makunnin wata matacciyar rediyo na kulle Bulb, ya bi su da dalma. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin motar zuwa Ikoyi da dawowa ba.

Daren Asabar na kafa ƙafa-uku, wato abin ɗora kyamara, a bakin ruwa, na kunna makunnin, na ja baya ina ƙirga lokaci. Sai ga wani mai gadi ya dallare ni da tocila. Ka duba fa: mutum da kaftani, cikin duhu, riƙe da ƙaramin akwati mai jan maɓalli, waya na fita daga ciki. Ya daka tsawa wai aboki ajiye abin nan! Kafin in yi magana sun zama uku. Na ɗaga hannu, rimot na reto, zuciyata na dukan uku-uku, amma wallahi abin da ke raina kada wani ya yi tuntuɓe da ƙafa-ukun, don kyamarar na nan a buɗe. Da ƙyar suka bari na kashe makunnin na nuna musu. Wajen minti biyu ta yi tana shan haske. Igiyoyin gadar sun fito tar, ruwan ya kwanta sumul, jan wuta da fari sun miƙe. Wanda ya fi kowa hargagi shi ya fara cewa in ɗauke shi.

To rimot ya yi aiki, ban musa ba. Amma Baba, don Allah me ya sa jan maɓalli? Da baƙi da fari ka sa da ban sha wannan ba. Kuma wayar gajera ce, ba ta kai taku biyu ba, hoton dangi da nake son shiga ciki bai yiwu ba. Ga alkawarin "gobe" da ya ci kwana huɗu. Yanzu ma iskar gishirin nan ta Legas ta fara taɓa filogin, sai na murza shi a ramin kafin baƙin maɓallin ya amsa. Masu kyamarar Canon 5D kada ku taso, naku ramin daban ne.

Na mayar masa jiya ya ƙara waya ya sauya maɓallin. Ya ce in dawo gobe.