Mai wayit ɗin da ke kwashe mana bayyara a Harazat

Tun rusau ɗin 2022 da ya tashe mu daga unguwar Sabil muka dawo Harazat, gabas da Jidda, ba abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya kamar bayyara. Ita ce ramin da ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke ke taruwa, abin da mutanen Kano ke cewa sokawe. Bututun gwamnati bai iso layinmu ba tukuna. Iyali huɗu ne a gidan, ramin ɗaya, in ya cika sai a kira wayit, wato motar tanki, ta zo ta zuƙe. Ni kuwa masa da kunun gyaɗa nake sayarwa. Ranar da ramin ya tumbatsa ya malalo ƙofar gida ba mai tsayawa, ni ma ba zan miƙa wa ɗan wani abinci cikin ɗoyi da ƙuda ba.

Mun sha wuya da masu wayit biyu kafin wannan. Na farko ruwan sama-sama yake zuƙa, kafin ka juya ya naɗe tiyo ya karɓi kuɗi, bayan mako ɗaya rami ya sake cika. Na biyu kuma yaron maƙwabta ne ya gan shi da daddare ya buɗe bakin tanki a wani fili da yara ke ƙwallo. Daga ranar ban sake kiransa ba.

Wanda muke kira yanzu Bahaushen Gadarif ta Sudan ne. Da Larabci muka fara ciniki, sai ya ji ina yi wa jikana faɗa, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ashe ta gida ce." Shekara guda ke nan yana zuwa mana, kuma aikinsa ne ya sa na zauna rubuta wannan.

In ya iso, yara yake fara kora. Ya ɗaga murfin, ya ja da baya ya bar ramin ya sha iska, domin tururin da ke fitowa yana sumar da mutum, yana kuma kama wuta. Ba ya yarda a kunna sigari a kusa. Sai ya zura wani dogon rodi har ƙasa ya zaro, ya nuna mini inda ruwa ya tsaya da inda laka ta fara. Lakar nan ita ce maganar. In ba a motsa ta ba daskarewa take yi ta cinye rabin ramin, shi ya sa wasu gidajen ba sa rabuwa da wayit. Shi yakan tura tiyo can ƙasa, ya mayar da ɗan ruwa da ƙarfi ya dama ta, sannan ya zuƙe. In ya gama ya wanke bakin ramin da Clorox, ya mayar da murfi, ya taka ya ji ya zauna daram.

Zuwansa na uku ya haska fitilar waya ciki, ya kira ni. Bangon ramin ya tsage ta gefen da hazzan ɗinmu yake, wato tankin ƙasa da muke tara ruwan amfani. "Hajiya, ku nemo mai gini kafin ku sake nemana," in ji shi. Gabana ya faɗi, don da ruwan nan nake wanke tukwane. Kwana biyu muka yi ana gyara, aka wanke hazzan, aka sake shafe. Da ya yi shiru, da ba mu sani ba.

Kullum sai na tambaye shi inda zai kai kayan. Wurin juyewa na Kamfanin Ruwa na Ƙasa yake kaiwa, daga nan a tace, kuma yana nuna mini shaidar shiga a wayarsa. Ina da dalilin nacewa. Duk wanda ya daɗe a Jidda ya san Tafkin Miski, can wajen Buraiman, inda ɗaruruwan wayit suka riƙa juye ƙazantar gari kullum shekara da shekaru, wari ya sa mutane suka laƙaba masa sunan turare. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na fita Mina, ruwa ya ɓarke a Jidda, mutum fiye da 100 suka rasu, unguwar Guwaiza ta fi shan wahala. Kwanakin da suka biyo baya ba mu yi barcin kirki ba, ana ta cewa madatsar tafkin za ta ɓalle ta rufto wa gari. Allah ya kiyaye. A 2010 aka ƙafar da shi. Wannan ci gaba ne da na gani da idona, ba na son kuɗina ya haƙa wani ƙaramin Miski a bayan gidan wani.

Mahaifina duba-gari ne a Haɗeja, shi ya sa kunnena ke kan irin wannan labari. Na ji lokacin da ministocin Afirka suka taru a Dakar a 2015 suka yi alkawarin kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2030, na kuma yi murna ƙwarai da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar farko a Najeriya da ta kai wannan matsayi. Na buga wa ƙanwata na taya ta murna, na kuma tambaye ta: shaddar da kowa ya haƙa, in ta cika wa zai kwashe, ina zai kai? Muna yara 'yan gidan-kowa-da-akwai ne ke zuwa da dare da durom da bokiti, ba takalmi ba safar hannu, mutane na toshe hanci suna yi musu kallon banza.

Shi ma mai wayit ɗina yana da nasa aibin. Riyal 150 muke haɗawa mu huɗu, amma in an yi ruwan sama kuɗin hawa yake, wayarsa kuma sai ka kira sau biyar. Tiyonsa gajere ne, dole a matsar da motocin layi kafin ya iso. Abin da ya fi damuna, yaron da ke riƙe masa tiyo da hannu tsirara yake aiki, da silifas. Na yi magana sau biyu, ya ce to. Jiya na sayo safar roba mai kauri da takalmin ruwa lamba 42, suna nan bayan ƙofa har zuwansu na Asabar.