Tabib nafsi ko akhissa'i nafsi: wurin wa za a fara kai ta?

Hajiya, kin ce ƙanwarki da ke Jidda wata uku ke nan barci ya ƙaurace mata, gabanta na yawan faɗuwa, hidimar gida ma ta fara gagararta, kin kuma rasa wanda za a nufa cikin waɗannan biyun. Allah ya ba ta lafiya.

Tabib nafsi cikakken likita ne da ya ƙware kan lafiyar ƙwaƙwalwa, shi ke rubuta magani. Akhissa'i nafsi kuwa ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta, ba ya rubuta magani, da zama da tattaunawa yake aiki. Dukansu dole ne su yi rajista da Hai'atut Takhassusatis Sihhiyya, hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya a Saudiyya. Ki nemi shaidar rajistar. Masu tallar kansu a Snapchat ba tare da ita ba, a kiyaye su.

Bisa abin da kika bayyana, a fara da akhissa'i, amma bayan an gwada jininta, domin ƙarancin jini da matsalar tayiroyid (wata ƙaba ce a wuya) kan kawo irin wannan faɗuwar gaba. Zama ɗaya minti 45 zuwa 60 ne, sau ɗaya a mako, yawanci zama 8 zuwa 20. A na farko tarihinta za a ɗauka, ta cike takardar tambayoyi irin su PHQ-9, mai auna nauyin ciwon damuwa. Daga nan sai a ba ta aikin da za ta riƙa yi a gida: duk sanda gabanta ya faɗi ta rubuta inda take, tunanin da ya zo mata, da ƙarfin tsoron daga 0 zuwa 10, a zama na gaba a warware su ɗaya bayan ɗaya. Inda ake yawan samun cikas shi ne a daina zuwa bayan zama biyu wai "magana ce kawai", ko 'yar rakiya ta shiga ɗakin tana amsawa a madadinta. Ki raka ta, amma ki jira a waje. In ta fi sakewa da mace, a nemi mace tun wurin ɗaukar mau'idi, wato ranar ganawa.

In abin ya yi nauyi likita kan ba da maganin damuwa irin su sertraline ko escitalopram. Sai an yi mako 2 zuwa 6 ake ganin amfaninsu, kuma makon farko kan zo da tashin zuciya da ciwon kai, abin da ke sa mutane jefar da su. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, a rage a hankali. Yankewa farat ɗaya na kawo jiri, ciwon ma ya dawo. Xanax kuwa, wata ƙwaya ta kwantar da hankali, kada ta karɓa a hannun kowa, jiki na saurin sabawa da shi. Ruƙiyya da addu'a ba sa hana shan magani, a haɗa.

Amma in ta fara zancen kashe kanta, ko tana jin muryoyi, ko ta ƙi abinci, ko ta kwana biyu uku ba barci ga surutu ba ƙaƙƙautawa, kada a jira mau'idi, a wuce sashen gaggawa ko a kira 997. Don shawara ta waya akwai 937 na Ma'aikatar Lafiya da 920033360 na cibiyar inganta lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Kafin ki biya kuɗi, ki tambayi kamfanin ta'amin (inshora) ɗinta ko yana biyan zaman akhissa'i ko na likita kaɗai.