Ƙarfe ko haske: wanne ya fi auna wutar lantarki?

A tashoshin rarraba wuta na Yamai, an saba auna wutar da taransifoma mai ƙarfe da wayar tagulla, jiƙe cikin mai. Tana da juriya, ma'aikatanmu sun san ta ciki da bai. Amma in wayoyi suka haɗu wuta ta yi yawa, ƙarfen yakan ƙoshi, wato ya kasa ɗaukar ƙarin maganaɗisu, awon ya karkace.

Na'urar haske kuwa zaren gilashi ne naɗe a jikin waya, haske na bi ta cikinsa. Maganaɗisun wutar yana murɗa hasken, abin da masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya gano a 1845. Gwargwadon murɗawar, gwargwadon wutar. Ba mai, ba nauyi. Sai dai tsada, kuma zafin Afrilu yakan taɓa awonta in ba a daidaita ta ba. Ni dai ita na fi so, muddin an horar da masu gyaranta.