Ka biya tara, ko ka kai magana kotu?

Ɗan kabu-kabu a Damagaram, ɗan sanda ya busa masa usur kusa da Kasuwar Dole, ya karɓe takardun moto. Hanya biyu ce a gabansa.

Biyan tara ya fi sauri. In ba ka da kaski a kai, ko asiransi ta ƙare, ko permi yana gida, gardama ba ta da amfani. Ka biya, amma ka karɓi rasit mai tambari da kwanan wata, ka adana shi tare da takardun moto. Abin da ake naɗewa a tafin hannu a miƙa a bakin titi kuwa ba tara ba ne. Laifin yana nan, gobe wani ma zai tare ka a hanyar Tanut.

Kai magana kotu yana cin lokaci, wuni ɗaya da aka rasa kuma cefanen gida ne. A ganina bai dace ba sai in maganar ta yi nauyi: an yi haɗari, wani ya ji rauni, ko an ɗora maka laifin da ba naka ba. A nan rahoton da ƴan sanda ko jandarma suka rubuta a wurin haɗarin shi ne jigo, don haka kada ka sa hannu sai an karanta maka shi da Hausa. Marar hali yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi a shari'a. Kotun ɗaukaka ƙara ma tana nan cikin gari.