Rancen mata a Agege da sunan malamin Citagon

Wata shida ke nan da yayata, wadda take saro tumatir da attaruhu daga kasuwar Mile 12, ta shiga wani ƙaramin bankin ba da rance a unguwarmu ta Agege, kuma ni nake riƙe mata lissafi. A ranar farko jami'ar bankin ta ce tsarinsu na Farfesa Muhammad Yunus ne, don haka da ma'auninsa zan auna su.

A shekarun 1970 Yunus malamin tattalin arziki ne a Jami'ar Citagon da ke Bangaladash. Yunwar 1974 ce ta fito da shi daga aji zuwa ƙauyen Jobra, kusa da jami'ar, inda a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 daga aljihunsa domin ya raba su da masu ba da bashi da ruwa mai nauyi. Daga nan aka kafa bankin Grameen a 1983, kuma a 2006 shi da bankin suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Abin da bankin unguwarmu ya ɗauka daga wurinsa ya yi kyau ƙwarai. Ba su nemi jingina ko takardar fili ba, sai dai mata biyar su haɗu su tsaya wa juna, a riƙa biya mako-mako, kusan yadda iyayenmu suke adashi. Da wannan kuɗi yayata ta daina karɓar kaya bashi daga hannun dillali, kuma na ga sauƙin a gidanta.

Amma akwai abin da ya dame ni. Ba a bayyana mata jimillar abin da za ta biya ba sai da na zauna na haɗa kuɗin fom da ruwan da ke kai, kuma batun ruwa ba ƙaramin abu ba ne ga Musulma mai tsoron riba. A makon da ruwan sama ya ruɓar mata da kwando biyu, mai karɓar kuɗi ya tsaya a gaban rumfarta yana ɗaga murya, masu saye suna kallo. A Grameen masu karɓar rancen ne suka mallaki mafi yawan hannun jarin bankin, amma a nan ba a taɓa jin ta bakinsu ba.

Wadda sana'arta ta riga ta kafu za ta amfana, muddin ta nemi a rubuta mata jimillar bashin kafin ta sa hannu. Wadda take son farawa, gara ta jira kwasar adashinta.