Ɗan kunnen raguna mai lamba: abin da na gani bayan wata bakwai

Bara, saura mako uku Babbar Salla, wani balami da na yi wata biyar ina turkarsa ya yi ɓatan dabo daga garkena da ke kan hanyar Mirya. Na zaga kasuwar dabbobi har ƙafa ta gaji. Na ga wani rago da zuciyata ta ce nawa ne, amma tsagar kunnen da nake yi wa dabbobina, mutum goma a Damagaram suna yin irinta. Dillali ya ce, "Alhaji, kawo shaida." Ba ni da ita. Haushin haka ya sa na aiki ƙanena mai zuwa sari Kano ya sayo mini ƴan kunnen nan masu lamba da ake kira RFID guda 50, da filayar maƙalawa, da na'urar karantawa.

Bari in fara da wautata, don kada wani ya maimaita. Na ɗauka in rago ya ɓata zan buɗe waya in ga inda yake a taswira. Ashe ba haka ba ne. Ɗan kunnen ba shi da batir ko kaɗan. Roba ce ruwan ɗorawa, faɗinta bai fi na kwabon dala ashirin da yawa ba, a cikinta akwai siririyar waya da aka naɗe da wani ɗan ƙwayar lantarki kamar tsabar gero. Sai ka kawo na'urar kusa, igiyar rediyon da take fitarwa ta ba shi ɗan ƙarfi, sannan ya amsa da lambarsa mai alƙaluma 15. Nawa suna aiki a kan zangon rediyo na 134.2 kHz, wanda aka ware wa dabbobi a duniya. Nisan karatun kuwa, a hannuna bai wuce taƙi guda ba. Rago in ya bar gabanka, shi ke nan, ɗan kunnen ya zama kurma. Ranar da na gane haka na kwana ina jin kamar na zuba kuɗina a rijiya.

Sai daga baya amfaninsa ya fito ta inda ban zata ba.

Ni ɗan kasuwa ne, shagona yana Kasuwar Dole, garke sai ranar Juma'a da yamma nake leƙa shi. A da in likitan dabbobi ya zo allura, sai mu yi ta gardama: wancan mai baƙin wuya an yi masa ko ba a yi ba? Akwai tunkiyar da aka ɗura wa maganin tsutsa sau biyu a wata guda, wata kuma aka tsallake ta har ta rame. Yanzu na'urar tana tura lambar zuwa wayata ta Bluetooth, ni kuma na rubuta a gabanta ranar da na sayi ragon, nawa na saye shi, ranar allura, da buhun dusa nawa ya shiga tsakani. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga raguna uku da nake ta alfahari da girmansu cinye riba kawai suke yi. Ido bai taɓa gaya mini haka ba.

Dattijon da ke yi mini kiwo dariya ya yi ranar da muka maƙala. Ya ce, "Alhaji, ni ko cikin duhu na san kowanne da kukansa." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma ni fa?" Kuma da gaskiyarsa, har yau bai taɓa kuskure ba. Na'urar don irinmu aka yi ta, masu dabba a daji suna zaune a gari.

Maƙalawar tana son hankali. Akwai jijiyoyi biyu masu tauri a kunne, tsakaninsu ake hudawa. Biyu na farko na yi su da garaje da tsakar rana ban goge da magani ba, kunnen ɗaya ya kumbura, ƙuda suka taru, sai da muka yi kwana goma muna wanki. Sauran da sassafe na yi su, lafiya lau. A cikin 38 da na maƙala, huɗu sun fita, uku daga ciki na awaki ne masu cusa kai cikin ƙaya. Batirin na'urar ma ba ya son zafin watan Afrilu, na taɓa barinta a kan sirdin babur, ta ƙi kunnuwa sai da ta huce a inuwa.

Batun sata dai yana nan. Ɓarawo da reza zai cire shi cikin ƙiftawar ido, kuma ko bai cire ba, wa ke da na'urar karantawa a kasuwanninmu? A ƙasashen Tarayyar Turai tun 2010 doka ta tilasta sa wa tumaki irin wannan lamba, shi ya sa ake bin sawun dabba daga gona har mahauta. A da, Botswana ma ta yi shekaru tana ɗura wa shanu wani irinsa na tangaran da ke zama a ciki, wanda reza ba ta kai masa. Mu nan, lambar ragona a wayata kaɗai take.

Mai raguna biyar a bayan gida ya riƙe kuɗinsa ya sayi harawa. Wanda dabbobinsa suka haura talatin, ko suke haɗe da na ƴan'uwa a garke guda, zai more shi. Mu a gidanmu ya riga ya raba wata rigima: tunkiya ta haifi tagwaye, ni da yayata kowa na cewa tasa ce. Na kara na'ura a kunnenta, lamba ta fito. Ta Yaya ce.